Hutun da Na Ba Baba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Baba ya riga mu komawa wata ranar Talata, farkon daminar bana. Kwana uku muna zaune a ƙofar gida bisa tabarmi, mutane na ta zuwa daga Keita da ƙauyukan tudu, har da wasu Fulani da ƙannena ba su san daga inda suka san shi ba. Kowa ya durƙusa, a yi addu'a, a shafa, sai ya dube ni ya ce, "Sai haƙuri, Mushe. Tsoho ya huta." Mushe suke ce mini, wato malam da faransanci, saboda ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Madawa. Ni kuwa duk wanda ya ce ya huta, sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi a baya. Ba laifinsu ba ne, haka ake cewa. Wasu ma har ƙarawa suke yi da yabona, wai samun ɗa irina sai an tona, na hutar da ubana tun yana da rai. Ina sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Mutum ɗaya ne bai faɗi kalmar ba. Ranar sadakar uku da hantsi wani dogon tsoho ya iso daga wajen Buza, a ƙafa, sandarsa a gicciye bisa kafaɗu, ba ta taɓa ƙasa. Abokin karawar Baba ne tun suna samari 'yan kokawa. Da aka shafa addu'a sai ya tambayi wanda ya yi wa mamacin wanka. Baba Ƙarami, ƙanen Baba, ya ce shi ne. Tsohon ya ce to yaya ya iske jikin. Mutane suka fara gyaran murya, don ba a tambayar mai wanka abin da ya gani. Baba Ƙarami ya ce kafaɗun dai na nan yadda kowa ya san su, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba yayansa ba ne. Tsohon ya miƙa wuya ya leƙa tsakar gida, wajen rumbu.

"Ina dutsi nai?" ya ce.

Ba wanda ya amsa, alhali duk wanda ke kan tabarmar ya sani. Tsohon ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce zai dawo ranar arba'in, wataƙila kafin nan wani ya tuna.

Ni ne ɗan farin Baba, kuma a wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama da shi su yi hira. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Wancan yaron" nake, har na yi furfura a gemu. In yana da magana da ni sai ya gaya wa ƙanwarsa, Gwaggo, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, ita ta kawo mini, ko da muna tsakar gida ɗaya ina jin sa da kunnena. Ni ma ta bakinta nake mayarwa. Ban taɓa ganin aibun haka ba, don haka na tashi na iske ana yi.

Dutsen kuwa baƙi ne, ya ɗan fi tulu girma. Daga tsaunin bayan gari Baba ya ɗauko shi tun bai yi aure ba, ya aje gindin rumbu. Yana da wuri biyu da tafin hannunsa ya lashe, sun yi santsi suna ƙyalli. Kullum in ya dawo daga masallaci, gari ya yi hasken da za a bambance akuya da tunkiya, sai ya tuɓe riga ya ɗaure wando, ya tsugunna, ya ɗaga shi zuwa gwiwa, zuwa ƙirji, zuwa kafaɗa. Ya kewaye rumbu sau bakwai, sannan ya sake shi. Dim! Da wannan ƙarar gidanmu ke tashi. Gwaggo ba ta gaishe shi sai ta ji ta, sannan ta ɗaga murya daga bayan zana ta ce, "Yaya, an tashi lahiya?" Shi kuma ya amsa yana haki. Kaji ma sun saba, ba sa watsewa.

Ya bar fagen kokawa tun ban yi wayo ba, amma bai bar dutsen ba ko ranar salla. Yakan ce ƙashi jaki ne, in ka daina aza masa kaya sai ya lalace. Kasuwa duk nisanta a ƙafa yake zuwa, jaki na gaba da kaya shi yana baya. In ya bi ta rijiya ya iske mata na ja, sai ya karɓi guga ya cika masu tuluna, ba don tausayi kaɗai ba, shi ma da abin da yake nema. Yana da shekara saba'in yana shiga gayya da samari, kuma ba shi ke zuwa ƙarshen kunya a baya ba.

Kada in yi masa ƙarya don ya mutu: Baba ba mai sauƙi ba ne. Rago bai da daraja a idonsa. In kun gaisa sai ya damƙi damtsenka ya matsa, ya yanke maka hukunci nan take, ko gumba kake ko kunu. Wanda ya zo neman auren ƙanwata sai da aka yi ta ba shi baki, don a gaban waliyyansa Baba ya matsa shi ya ce wannan ko kunun ma na marar lafiya ne. Ni bai taɓa taɓa ni ba, kunya ta hana. Amma shekarar da na gama karatu na dawo da takalmi da agogo, ya ce wa Gwaggo ta gaya wa wancan yaron lakwal ta dama shi. Na yi dariya a lokacin. Ban manta ba kuwa, kuma yanzu ina zargin kaina cewa abin da na yi daga baya akwai wannan maganar a ciki.

Rigimarsu da tsohon Buza ta girme ni. A Azarori suka kara wata kaka, suka sarƙe har makaɗa suka gaji, daga ƙarshe Baba ya kai shi ƙasa. Shi kuwa ya tsaya kai da fata wai gwiwar Baba ce ta fara taɓa ƙasa, ƙura ce ta rufe wa mutane ido. Shekara fiye da arba'in duk kasuwar da suka haɗu, kafin gaisuwa ta ƙare sun ɗauko zancen. Wata rana a kasuwar Urno mutumin ya kawo shaida, Baba ya dubi shaidan sama da ƙasa ya ce ai wannan ranar da aka yi kokawar a goye yake. Shekara biyu suka yi ba sa ga maciji. Rasuwar Inna ce ta shirya su: ya tako a ƙafa ya zauna da Baba kwana uku, bai ce uffan a kan kokawa ba, sai da ya kai bakin ƙofa zai tafi ya waiwayo ya ce amma fa gwiwar ta taɓa. Ranar na fara jin dariyar Baba bayan mutuwar Inna.

Fulanin da suka zo gaisuwa kuwa, ni na san su. Lokacin farin farko, wanda ya share dabbobi, sun sauka bakin ƙoramarmu da 'yan shanun da suka rage masu. Saniyar da yunwa ta ci in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta, sai an zura itace ƙarƙashin cikinta mutum huɗu su ɗaga, wani ya kama wutsiya. Kullum Baba ya yar da dutsensa sai ya wuce can, kuma wajen wutsiya yake tsayawa, inda nauyin yake. Ya haura sittin a lokacin. Ko nono bai taɓa karɓa ba, da ma babu nonon. Yakan hana su barin saniya ta yi kwance don tausayi, ya ce wadda ta kwana uku a ƙasa ba ta ƙara tashi, ko ciyawa ta fito har bakinta. Da kunnena na ji wannan magana, ba sau ɗaya ba.

To ga abin da na yi.

Shekarar da fari ya sake dawowa, furoje, wato shirin raya karkara, ya shigo Keita da aikin duwatsu, mata na jera su layi-layi a jikin tsaunuka don su tare ruwa da ƙasa, ana ba su abinci. Na zo hutun lakwal tare da wani abokin aikina, ɗan birni. Ya tashi da safe ya ga tsoho ba riga yana kewaya rumbu da dutse a kafaɗa, sai ya tambaye ni yana dariya ko bara ne muka aje, ko kuwa tsohon ba shi da lafiyar kai. Na ce ubana ne. Ya shiga ba ni haƙuri, haƙurin ma ya fi tambayar ciwo. Da ma zance na zuwa mini cewa mata na faɗa a rijiya wai Mushe na cin albashi a Madawa ubansa na dakon dutse a ƙauye. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na shawara da kowa.

Na koma Madawa na sayo kujerar ƙarfe mai igiyar roba, irin wadda ake kishingiɗa a kai. Na jira ranar Juma'a da dattawa suka taru a ƙofar gidanmu, na aje ta, na kira Gwaggo, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce ta gaya wa Baba yana tona mini asiri a gari, wanda ya haifa ya kamata ya huta, daga yau gona ba tasa ba ce, na sa masu yi, guga da tafiyar kasuwa ma na sauke masa. Dattawa suka ce madalla. Liman ya sa mini albarka. Kwana biyu bayan haka kamiyon furoje, babbar motar dakon kaya, ya biyo ta bayan gari yana kwasar duwatsu, Baba na masallaci wajen la'asar, na kira samari uku muka mirgina dutsen muka jefa ciki. Da ya dawo ya tsaya bakin ɗan ramin da dutsen ya yi a gindin rumbu, ya daɗe yana duban sa, sannan ya je ya zauna a kujerar.

Ƙasarmu ta Adar ba a rasa dutse, da ya so da ya ɗauko wani tun washegari. Bai ɗauko ba, don na ce a gaban mutane abin na ba ni kunya, shi kuwa ba zai kunyata ɗan farinsa ba ko me zai same shi. Saƙo ɗaya ya aiko mini ranar da zan koma, kuma Gwaggo ta faɗe shi yadda ya faɗa:

"Ki ce ma wancan yaron na gode. Amma hutu na nan tahe, kada shi yi mini gaggawa."

Na ce mata tsofaffi da ma sai da mita. Na hau mota na tafi ina jin na yi abin kirki.

Zuwana na farko na iske ya yi tumbi, mutane na cewa ya yi kyau, kuɗin boko sun karɓe shi. Na biyu na ga sai ya dafa hannu biyu yake tashi daga kujerar. Na uku na iske sanda, kuma tana taɓa ƙasa. Ya daina matsa damtsen kowa, ya daina yi wa ragwaye tsiya, ni da wautata na ce Baba ya natsu. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce ita yanzu ba ta san lokacin da za ta gaida yayanta ba, gidan ya zama kamar ba kowa da safe. Sau biyu tana cewa in nemo dutsen in maido. Ina ce mata sai hutu mai zuwa. Gaskiyar ita ce maido shi na nufin in tsaya gaban dattawan da suka yaba mini in ce na yi kuskure, ni kuwa ban iya ba. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Shekara biyu da 'yan watanni kujerar ta yi da shi. Wata rana ya yunƙura zai yi alwalar azahar, ƙafa ta ƙi, ya faɗi ta gefe. A kan rairayi fa, rairayin tsakar gida da jikoki ke birgima a kai. Mutumin da aka sha makawa a fage, mutumin da saniya ta taɓa faɗo wa ya tashi yana zaginta, ƙashin ƙugunsa ya karye. Maɗori ya zo ya lalluba ya ce nan ba wurin ɗori ba ne. Aka aiko mini, na zo muka kai shi likita a Keita bisa amalanke. Majo, wato babban mai duba marasa lafiya, ya taɓa kafaɗunsa, ya taɓa cinyoyinsa, ya tambayi aikin da tsohon ke yi da, da kuma yaushe ya daina. Bai san komai ba bawan Allah, bayani kawai yake yi mana: wai naman jikin tsoho in aka daina morarsa, nan da nan yake narkewa, ƙashi kuma ya bi shi, ya zama kamar karan da gara ta shiga, waje lafiya ciki babu. Ya ce waɗanda ba su zauna ba su ke daɗewa da ƙafafunsu. Gwaggo ta dubi ƙasa. Da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Muka maido shi gida, ya yi kwana ashirin a kwance. Ranar Litinin da safe zafin ɗaki ya dame shi, ana so a fitar da shi inuwa, ba namiji a gidan sai ni. A nan ne ya dube ni ido cikin ido, ya yi mini magana da bakinsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗauke ni."

Na zura hannu na tattara ƙarfina kamar zan ɗaga buhun hatsi, saura kaɗan in faɗi da baya, don ba nauyin da na shirya wa. Na ji yana 'yar dariya kusa da kunnena.

"Ka gani? Ko rabin dutsin ban kai ba."

Da na kwantar da shi bisa tabarma ya kama damtsena ya matsa, yadda yake yi wa kowa, bai ce gumba ba bai ce kunu ba. Na so in ce ya yafe mini. Wallahi na so. Amma bakin da ya shekara arba'in da bakwai bai yi masa magana ba ya ƙi buɗuwa, sai na waiga ina neman Gwaggo ta faɗa masa. Ta tafi ɗebo masa ruwa. Kafin ta dawo barci ya ɗauke shi, bai ƙara magana da kowa ba har washegari da hantsi da rai ya yi halinsa.

Tun daga ranar nake jin dutsen. Ni malamin lakwal ne, ba na cewa aljani ne ko wani abu. Amma gari na yin wannan hasken, ina zaune da tasbaha, sai in ji dim daga wajen rumbu, har cikin tabarmar da nake kai. In fita in iske ramin nan ruwan sama ya kwanta a ciki, kujera na jingine da zana ba wanda ya yarda ya zauna. Kwana kusan arba'in ina wannan, ban gaya wa kowa ba.

Ranar arba'in tsohon Buza ya cika alkawari. Bai sake tambaya ba, zama kawai ya yi kusa da ni. Da aka shafa addu'a, kafin dattawa su watse, na ce ina da magana, na faɗi duk abin da na rubuta nan a gabansu. Liman ya ce ajali ne, ba mai ƙara wa wani kwana ko ya rage. Na san haka ne, na kuma yi imani da shi. Amma ƙafafun ba ajali ya cinye su ba. Tsohon Buza bai zage ni ba, cewa kawai ya yi in tashi mu tafi.

Muka hau tsaunin da kamiyon ya kai duwatsun shekarar. Layuka ne ba iyaka, na ce a raina wannan neman banza ne. Ashe matan da suka yi aikin sun san shi, suka ce ai baƙin nan mai santsi biyu, su uku suka kama kafin ya zaunu. Suka nuna mana. Yana tsakiyar wani layi, ƙasa ta taru a bayansa, ciyawa ta fito kore shar inda da tsandauri ne. Tsohon ya aje sanda, ya tsugunna, ya sa tafukansa daidai inda na Baba suka lashe, ya ɗaga shi har gwiwa, ya mayar a hankali. Ya ɗan girmi Baba fa. Ya daɗe a tsugunne yana haki, sannan ya yi magana, ba ni yake dubi ba.

"Gwiwa tai ba ta taɓa ba. Ƙarya nika yi, don shi riƙa zowa kasuwa."

Muka cike gurbin da wasu duwatsu don kada ruwa ya fasa layin mutane, muka aza shi bisa amalanke muka kawo gida, muka mayar da shi raminsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sa nauyin da ya ɗauke wa mutane da dabbobinsu ya tsaya masa ranar da kowa ke neman mai ɗauke masa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Abu ɗaya nake roƙo, in za ku yi mini gaisuwa ku nemi wata kalma, kada ku ce ya huta.

Washegarin da muka maido dutsen, na dawo daga masallaci na tuɓe riga. Na tsugunna, na kai shi gwiwa da ƙyar, na kai shi ciki, jijiyoyin wuyana kamar su tsinke. Taku uku na yi ya kuɓuce mini. Dim! Sai muryar Gwaggo daga bayan zana, garau, yadda ban ji ta ba shekara biyu:

"Yaya, an tashi lahiya?"

Na tsaya ina haki. Ita kuwa tana jiran amsa. Can na ji ta ja numfashi.

"Kai ne," ta ce. "Kai dai komi naka gaggawa. Shi sau bakwai shika kewaya rumbu."

Na share fuska da bayan hannu, na tsugunna, na sake neman wurin da ya yi santsi.